Mayafin Goɗiyar Don Eladio

Ulun ya riga ya manne da ƙarfen. Yasna ta ja da hannu ɗaya, ɗayan yana tallabe da 'yarta Maite da ke lafe cikin rigar sanyinta, amma mayafin bai saki ba sai da ta ji zarensa yana tsinkewa. A ƙarƙashinsa, akwatin waje na na'urar ɗumama gidan maƙwabcinta ya zama dunƙulen ƙanƙara. Fankar tana ta kokawar juyawa, tana kartar ƙanƙarar kamar ɓera a bayan katako.

Ƙofa ta buɗe. Maƙwabcin nata, Don Eladio, ya fito da ƙoƙon shayin mate a hannu, yana jan ƙafa.

"'Yar nan, wa ya aike ki ki tuɓe mini goɗiya da sassafe?"

Haka yake kiran na'urar tun ranar da aka kafa ta. Rayuwarsa duka a kan doki ya yi ta, yana kiwon tumakin masu gonaki a tsaunukan bayan garinsu Coyhaique, kafin gwiwoyi su zaunar da shi a gari. Ya ce jiya da yamma ya leƙo ya ga tururi na tashi daga jikinta, ruwa na ɗiga ƙasa. Dabbar da ta yi gumi cikin irin wannan sanyi kuwa, in ba a rufe ta ba, kashegari sai haƙa rami. Wannan ko yaron goye ya sani.

Yasna ta sake yi masa bayanin da mai kafawar ya yi musu, wanda ita ma ta maimaita masa ba sau ɗaya ba. Daga iskar waje na'urar take tsotso ɗumin da take kaiwa ciki. Idan ƙanƙara ta taru mata, da kanta take tsayawa ta narkar da ita, shi ne tururin da yake gani. Ɗakin zai ɗan yi sanyi, sannan ta ci gaba. Amma in aka rufe ta, an toshe mata hanci ke nan.

"Ba gumi ba ne, Don Eladio. Wanka take yi."

"Wanka a watan Yuli, tsakiyar hunturu? Ashe mahaukaciya kuka haɗa ni da ita."

Ya zaro wuƙa daga ƙugu zai fara sassaƙar ƙanƙarar. Ta riƙe masa hannu, ta ce bututan ciki ba su fi tsinke kauri ba, ya huda ɗaya an gama. Ta kashe na'urar, ta ɗebo ruwa mai ɗumi a buta, ta yi ta zubawa a hankali har ƙanƙarar ta soma zamewa tana faɗuwa. Yatsunta sun daina jin komai. Maite ta yi tari a ƙirjinta, tarin nan mai fito da take kwana tana saurare.

Saboda wannan tarin ne ma aka zo nan. Duk hunturu hayaƙin itace yakan kwanta a kan garin kamar murfin tukunya, yara su cika asibiti. Da aka zo da tsarin karɓar murhun itace a ba mutum na'ura, Yasna ce ta bi layinsu gida gida. Don Eladio ya fi kowa taurin kai. Bututun hayaƙinsa yana daidai da tagar ɗakin Maite. Ranar da ya yarda, bai ce an gamsar da shi ba. Yarinyar kawai ya kalla, ya ce a zo a ɗauke murhun.

Rediyo ya ce sanyin da ke tafe ya fi wanda ake ciki. Ta roƙe shi ya dawo gidanta har ya wuce, tunda mijinta yana can gonar kifi a bakin teku, gado ɗaya babu kowa. Ya ce shi da ya kwana a kogon dutse da karnuka, ba zai tsufa a kan gadon wani ba. Ta nemi ya yi mata alkawari ba zai ƙara rufe na'urar ba. Ya zuƙi shayinsa, ya ce zai duba.

Ta san ma'anar wannan amsa. Ta naɗe mayafin, wanda shi ne yake yafawa kullum, ta danna a hammata.

"Wannan yana wurina sai bazara."

"Ɓarauniya da goyo," in ji shi, yana dariya har da tari. "Ki wanke mini shi, tunda kin sace."

Da la'asar jikin Maite ya yi zafi, numfashinta ya koma sama sama. A asibiti aka riƙe su, aka sa mata abin shaƙar iska. Yasna ta zauna a kujerar roba tana kallon ƙirjin yarinyar yana hawa yana sauka, a waje kuma sanyin da aka faɗa ya sauka, har famfunan unguwanni suka daskare. Ta kira wayar tsohon. Ta san wayar tana cikin aljihun tebur inda take zama kullum, amma ta yi ta kira. Ta nemi matar gidan da ke kallon nasa, aka ce ta tafi wurin 'yarta. Ta miƙe ta kai bakin ƙofar ɗakin jinya, Maite ta motsa, ta dawo ta zauna.

Da safen da aka sallame su, tun daga kwanar layin ta kasa kunne. Duk gidajen suna ta gurnanin na'urorinsu. Nasa shiru.

Akwatin yana lulluɓe da bargo mai kauri, an ɗaure shi da igiya, ɗaurin sirdi, tsaf, yadda iska ba za ta kwance ba. Ta gane bargon. Na kan gadonsa ne.

Ta ƙwanƙwasa, ta kira sunansa. Ba ya kulle ƙofa, don haka ta tura da kafaɗa. Cikin gidan bai fi waje ɗumi ba. 'Yar fitilar na'urar da ke bango tana ƙyaftawa, ba iska ko kaɗan. Yana zaune a kujerarsa, ya juya ta wajen kusurwar da murhun yake a da, inda har yanzu akwai baƙin tabo a ƙasa. Ya sa rigunansa duka, ɗaya kan ɗaya. Ruwan da ke ƙoƙon shayinsa ya daskare, ya riƙe tsinken ƙarfen da yake zuƙar shayin da shi a tsaye.

Ta juya fuskar Maite zuwa ƙirjinta kafin ta taɓa wuyansa.

Likitar da ta zo da motar asibiti ta ce zuciya ce, da sanyi, kuma ba za ta iya cewa wanne ya riga wani ba. Yasna ta tambaye ta ko da mayafi a jikinsa da ya kai safe. Matar ta dube ta, ta dubi yarinyar, ta ce ta shigar da ita ciki, sanyi ya yi mata yawa.

Bayan sun tafi da shi, ta ba wata maƙwabciya riƙon Maite, ta koma. Ɗaurin ya ƙi kwantuwa, sai da ta sa haƙori. Ta ɗauke bargon, ta kawo buta, ta zuba ruwan a hankali kamar wancan karon, don kada bututan ruwan gidan su fashe kafin 'yan'uwansa su iso. Can fankar ta motsa, ta kama juyawa.

Mayafin yana rataye a igiyar shanyarta, wankakke, ya sandare kamar allo. Ta tsaya tsakanin gidajen biyu da butar a hannu. Tururi ya soma tashi daga bayan akwatin, ruwa yana ɗiga a kan dusar ƙanƙara.