Lalura Ta Goma Sha Biyar

Sau biyu cikin wata ɗaya motar Maccido ta mutu a kan hanya. Na farko a hanyar Zurmi, na biyu tsakanin Ƙaura da Shinkafi, inda ba gida ba gona sai daji. Duk salon ɗaya ne: tana cikin gudu, inji ya ɗauki zafi, sai ta ɗauke kamar an zare mabuɗi. Bayan minti ashirin ta tashi lafiya lau. A wannan hanya minti ashirin ba ƙaramin lokaci ba ne. Fasinjojinsa shida sun yi su a zaune, idonsu a kan bishiyoyi, ba wanda ya yi ko tari.

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, direbobin tasharsu kan tashi a jere, don kada a bar mota ɗaya ita kaɗai. Idan ɗaya ta tsaya, ta tsayar da kowa. Shi ya sa Sule, shugaban tashar, bai ɓoye masa ba: ko a gano ciwon motar kafin Alhamis, ko a cire shi daga layi.

Maccido shi ke gyaran motarsa a ƙofar gida, tsohuwa ce 'yar Kwatano. Ya canza filogi, ya canza famfon mai, ya wanke tanki. A tsaye ba ta nuna komai. Ranar Talata ya je shagon Ammar mai kayan waya, wanda ya zo da wata na'ura daga Kano, girmanta bai wuce tafin hannu ba, da guntun igiya a jikinta.

"Ƙarƙashin sitiyari za ka soka ta," in ji Ammar. "Ita da ƙwaƙwalwar mota za su gaisa, ta faɗa maka komi."

"Kai ka taɓa gwada ta?"

"Ina da mota ne, Malam Maccido? A waya na gani."

Maccido ya juya ta a hannu, ya ajiye, ya fita har bakin titi, ya dawo ya saya.

Da Turanci na'urar ke magana, don haka matarsa Hafsat, wadda ke koyarwa a firamare, ta fito da mayafinta ta zauna a kujerar gaba. Ya soka, ya murɗa mabuɗi. Rubutu ya fara gangarowa.

"Baban Salma, lalura goma sha biyar fa," ta ce. "Wannan mota ce ko asibiti?"

Maƙwabta biyu sun riga sun matso. Maccido ya ji kunnensa ya yi zafi. Mutanen nan su ne fasinjojinsa, gobe labarin zai riga shi isa tasha. Ya tambayi Hafsat abin da ke rubuce a maɓallin ƙasa, ta ce gogewa ne. Ta buɗe baki za ta ƙara magana, ya riga ya danna. Allon ya wanke tas. Da ya tada motar, rubutun ya dawo, amma sha huɗu.

"Ɗaya ta warke," in ji wani maƙwabci.

Washegari da safe suka kai ta garejin Sodangi, tsohon bakaniken da ya riƙe motar tun tana hannun mai ita na farko. Hafsat tana karantawa tana fassarawa iya yadda ta iya, shi yana zaune a kan taya yana shan kunu.

"Wanga ni na cire shi," ya ce. "Yana hana ruwan lagireto yawo, ƙasar sanyi aka yi ma shi. Gaba."

Ta karanta na biyu.

"Fanka ce. Ni na haɗa ta kai tsaye da batir. Gaba."

Na uku na cikin salansa ne, an fasa an zubar tun kafin Maccido ya yi aure. Haka suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wani Sodangi ya yanke, wani ya ɗaure da waya, biyu kuma ya ce a haka motar ta shigo ƙasar. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, kuka take yi a kan kayan da aka daɗe da raba motar da su, kuma shekara da shekaru motar na tafiya a haka.

"Duk na san su," in ji Sodangi. "Ba mai kashe mota a cikinsu. Su ke nan?"

Hafsat ta dubi mijinta. "Jiya sha biyar ne, Baba. Ya goge."

Tsohon ya ajiye kofi. "To, waccan ɗayar ita muke nema, sarkin gaggawa. Waɗanga kullum suna nan, shi ya sa suka dawo. Ita kuwa sai motar ta yi zafi ta mutu take rubuta kanta. Mi ta ce?"

Ba wanda ya karanta ta. Ita ce ta ƙarshe a jerin.

Abin da ya rage shi ne a sa motar ta sake mutuwa, kuma a cikin gari. Maccido ya sauke Hafsat a makaranta, ya cika tanki, ya ɗora buhunan yashi huɗu a baya a madadin fasinja, ya fara zagaye. Daga tasha zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa bakin gari, ya juyo. A zagaye na biyar masu shayi suka fara ɗaga masa hannu. A na tara wani ɗan acaba ya bi shi yana tambaya ko ɓatan hanya ya yi. Sule na zaune a benci a ƙofar tasha, duk wucewa sai ya bi shi da ido.

Azahar ta yi, ya yi salla a gefen titi, injin na aiki don kada ya huce. Motar da ta ci amanarsa a daji yau ta ƙi ko tari. Ya taka ta, ya sassauta, ya zage ta, ya roƙe ta. Gumi ya jiƙa kujera.

Ana kiran la'asar, daf da tsohon layin dogo, ta ɗauke.

Bai taɓa jin daɗin mutuwar mota ba sai ranar. Ya soka na'urar, ya ƙirga da yatsa. Sha biyar. Ya ɗauki hoton layin ƙarshe ya tura wa Hafsat, ya kira Sodangi, ya tsaya a rana yana gadin allon kada wani ya taɓa.

Sodangi ya iso a kan babur, Hafsat na kan waya. Ta ce wani abu ne mai ƙirga juyin inji, yana ɗaukewa.

"Wanga ban taɓa shi ba," in ji tsohon.

Ya leƙa ƙasan injin, ya zaro wani ɗan baƙin abu kamar babban yatsa, robarsa ta tsage. Akwai irinsa a jikin wata mota da ta yi hatsari a bayan garejinsa. Kafin magariba an ɗaura.

Sule ya zo da kansa ya karɓi abin da aka cire, ya juya shi, ya shinshina.

"Wa ya ce shi ne?"

"Na'ura da Baba Sodangi."

"Na'ura ban san ta ba." Ya dubi Sodangi, tsohon ya gyaɗa kai. "Gobe ƙarfe bakwai. Tsakiya za ka shiga, ina bayanka."

Washegari suka tashi mota tara. Maccido bai kunna rediyo ba, bai amsa hirar kowa ba, kunnensa na kan inji. Sha ɗaya saura suka shiga Shinkafi. Sai da fasinja na ƙarshe ya sauke buhunsa sannan ya kashe ta da hannunsa.