Ranar da Malama Mardiyya Ta Fitar da Ni Waje

Ni Hajiya Meram, duk faɗin Nguru ba a taɓa ce mini tashi ki fita ba, sai wata yarinya a Gashuwa. Kuma har gobe addu'a nake yi mata.

Jikata Zulaihat ta kusa shekara biyar ko Inna ba ta iya cewa. Muka ji labarin wata cibiya a Gashuwa da ke koyar da irin waɗannan yara kafin firamare. Sharaɗinsu biyu: kada yaro ya cika biyar, sannan bayanin iyaye da gwaji su nuna lallai akwai matsala. Mu kuwa saura sati uku ta cika. Na tasa uwarta Fanne, matar ɗana, a gaba muka hau mota.

Mai tantancewar, Malama Mardiyya, ta dubi Fanne. "In kin kira ta tana juyowa?"

Fanne ta sunkuyar da kai. Zulaihat 'yar fari ce, ko sunanta Fanne ba ta kamawa, balle ta zauna gaban uwar miji tana zancenta. Sai na karɓe.

"Alhamdulillahi, da sauƙi."

"Tana magana?"

"Da sauƙi."

To me zan ce? In tona asirin jikata gaban baƙuwa?

Malamar ta ajiye biro. "Mama, in na rubuta abin da kuka faɗa, yarinyar nan lafiyarta ƙalau, ba za a ɗauke ta ba. Don Allah ku ɗan ba mu wuri."

Ni! Yarinyar da na yi jika da ita! Na suri mayafina na fita ina huci, na zauna a benci gindin taga.

Daga nan na ji muryar Fanne. Wallahi ban san tana da magana haka ba. Ta ce tun yarinyar na wata takwas ta gane ba ta ji, ranar da faranti ya faɗi kusa da kanta ba ta ko motsa ba. Ta ce kullum in ba kowa a gida sai ta laɓe bayanta ta yi ta kiran sunanta har muryarta ta dushe. Shekara huɗu, gida ɗaya muke, ban sani ba. Kunya ta kama ni, na yi kuka a bencin nan mutane na wucewa.

Aka yi gwaji, aka ɗauki Zulaihat. Allah Ya saka wa Malama Mardiyya da alheri, Ya jiƙan iyayenta.

Ranar da aka sa mata na'urar kunne muka dawo gida, tana wasa a tsakar gida ta ba mu baya. Na ce, "Fanne, kira ta."

Ta dube ni a tsorace.

"Da sunanta. Ni na ce."

Ta ce, "Zulaihat."

Yarinyar ta saki gwangwanin hannunta, ta juyo tana neman uwarta.