Muryar Mai Masauki

Wasan bidiyon dai ba shi da kyau, wannan ko wanda ya ƙirƙire shi ba zai yi musu ba. Dokin da ke ciki tafiya yake kamar tebur mai ƙafa uku, mutanen gari duk fuskarsu ɗaya, kuma duk wanda ka tsaya gaisawa da shi sai ya aike ka ka kashe masa ɓeraye goma. Gassan, wanda ya ɓata awa goma sha tara a kansa kafin ya tafi Jamus, cewa ya yi ko biyansa ake yi da sai ya nemi ƙari. Amma uwarsa Nuhad, mai shekara sittin da uku, wadda sanyin ƙashi ya kumbura wa yatsu har zobe ya daina shiga, da an kawo wuta a unguwarsu ta Rukunuddin take sauke tukunya ta zo ta kunna shi.

Ba takobi ya dame ta ba, ba dodanni ba. A cikin wasan akwai wani ƙauye, a ƙauyen akwai masauki, mai masaukin kuma wani tsoho ne mai tumbi da ake kira Barhum. Muryar Barhum ta mijinta ce.

Mamduh, wato Abu Gassan, shekara talatin ya yi yana ɗora murya a finafinan da ake juyawa zuwa Larabci, bai taɓa zama kowa ba. Shi ne na huɗu cikin masu ihu idan kasuwa ta kama da wuta, shi ne sojan da ke cewa wayyo ya faɗi. Ko ita da ta haifa masa ɗa ba ta iya tsamo shi daga cikin hayaniyar. Sau ɗaya tak aka ba shi mutum mai suna, wato wannan Barhum, ya gama aikin da yamma guda, ya dawo gida yana tsaki. Bayan shekara biyu ciwon daji ya kama shi, likitoci suka cire maƙogwaron gaba ɗaya. Ya dawo da rami a wuya da ɗan ƙyalle a kai, da ƙaramin allo na 'yan makaranta. Nuhad ta duba wayarta kaf, ba ta sami saƙon muryarsa ko ɗaya ba, don shi a da cewa yake a kan me zai yi magana kyauta.

Shi ya sa Gassan ya zauna ya ci wuyar wasan har ya kai jarumin ƙofar masaukin, ya tsayar da shi a nan, ya damƙa mata hannun wasan.

"Mama, ki tura wannan sandar gaba, ki danna wannan maɓallin. Idan ya tambaye ki wani abu, ki zaɓi na ƙasa. Don Allah kar ki taɓa komai bayan haka."

"Ni ka mayar jaka? Injin ɗinki na fi shekara arba'in ina juyawa."

"Injin ɗinki ba ya kashe mutum, Mama."

Maganar Barhum ba ta da yawa. Da ta tura ƙaton saurayin nan mai takobi ya shiga, sai tsohon ya juyo daga wajen tukunyarsa ya ce, "Maraba da baƙo. Shigo ka huta, hanya ta cinye ka." In ta danna, ya ce, "Miyar ta yau ce, kar ka biye wa maganar mutane." In ta sake dannawa, sai muryar ta yi ƙasa: "'Yan fashi sun tare mana gada. Za ka taimake mu?" Amsa biyu ce take fitowa, Eh a sama, Ba yanzu ba a ƙasa. Ta zaɓi ta ƙasa, ya ce ba komai, ta fitar da saurayin waje, ta sake shigo da shi. Ta ɗauki maganganun a waya, amma waya ba ta juyowa ta gan ka. A cikin wasan kuwa sai ta shigo yake magana, kamar yadda yake yi a da in ya ji motsin makullinta.

Wata takwas tana haka. Abin da ke ci mata rai shi ne amsar nan ta ƙasa. Ba wai ba ta taɓa ce wa Mamduh a'a ba, ta ce masa fiye da a ƙirga, wani lokacin ma da ludayi a hannu. Amma mutum ya tarbe ka a gidansa, ya ba ka miya, ya roƙe ka taimako da wannan murya, kai kuma ka ce ba yanzu ba, ka fice, kullum ta Allah? Ba haka aka tarbiyyantar da ita ba, kuma kowace rana sai ta ji kunyar abin.

Shi kuwa Mamduh ya tsani wasan. Da ya ji kiɗan farko sai ya ɗauki kujerarsa ya koma baranda wajen tukwanen na'ana'arsa, ya ja ƙofa. Ran nan ya leƙo da allo ya rubuta, Kashe wannan jakin.

"Jakin ya fi ka iya gaisuwa," in ji ta. "Wata nawa rabon da ka rubuta min ko barka da asuba? Alli ne ya yi tsada?"

Ya goge allon da gefen hannu ya koma.

Wata Alhamis da hantsi aka tashi da ruwan sama mai sanyi, baranda ta jiƙe sharkaf, aka kuma kawo wuta. Mamduh ya rasa wurin gudu. Ya zauna a kujerar da ke bakin taga ya lulluɓe ƙafa da bargo, allonsa yana can ɗakin kwana a kan gado. Nuhad ta yi kamar ba ta gan shi ba, ta shigar da saurayin. Maraba da baƙo. Ta saci kallonsa. Leɓɓansa suna motsi, suna bin maganar daidai, har da inda muryar ke ɗan tsayawa kafin hanya ta cinye ka. Da aka zo kan miyar sai ta ga gefen bakinsa ya ɗaga. Rabon da ta ga wannan tun kafin asibiti.

Daɗi ya cika ta har ta rasa inda za ta sa kanta. Ta ga ai in magana uku ta sa shi murmushi, to goma fa? Tambayar ta fito.

"Abu Gassan, yau dai zan fidda kaina kunya. Wata takwas bawan Allahn nan yana roƙona."

Ta tura sandar sama. Mamduh ya zabura, ya bugi hannun kujera, ya ɗaga hannu yana kaɗawa, iska tana fita ta ramin wuyansa da wani ɗan fito. Ya yunƙura zai tashi, bargon ya naɗe masa ƙafa.

"To, to, ga shi nan, gaggawar me kake yi? Da can ina kake?"

Ta danna.

Barhum ya fito daga bayan tukunya ya kama hannun saurayin. Ya yi magana doguwa, sabuwa fil, wadda ba ta taɓa ji ba, yana godiya, yana ba da labarin yadda ya gina masaukin da matarsa. Nuhad ta dafe ƙirji. Sai aka busa ƙaho a waje, rufin ya kama da wuta, wasu masu baƙaƙen kaya suka ɓalle ƙofa. Ta danna, ta ja sanda, saurayin bai motsa ba, wasan ya ƙwace abin daga hannunta yana nuna mata kamar fim. Kibiya ta sami Barhum a ƙirji. Ya zame ya jingina da bango, ya kalli saurayin, ya faɗi wata magana a hankali. Ba ta ji ba, don a lokacin ihu take tana dukan duk maɓallan da yatsunta suka samu. Wani ɗan zobe ya juya a kusurwar talabijin ya ɓace.

Da aka mayar mata da iko, masaukin ya zama baƙin kango. Ta shigar da saurayin, ta fitar, ta sake shigarwa. Ta kashe na'urar ta kunna, ta zare wayar wutar daga bango ta mayar. Kango dai.

Ta kira Gassan, ta same shi a hutun rabin awa a rumbun kayan da yake aiki.

"Kin zaɓi na sama? Mama! Me na ce miki?"

"Kar ka yi min tsawa, ni na haife ka. Faɗa min inda zan danna ya dawo."

"Babu. Wannan banzan wasan wuri ɗaya yake ajiya, sabo ya hau kan tsoho. Ya riga ya ajiye."

"To ka nemo min a intanet, ai kun ce komai yana can."

"Na nema tun kafin in taho. Wa zai ɗauki wannan shara ya ɗora, da Larabci kuma? Ko mutum ɗari ba su saya ba."

"Shara ce da muryar ubanka a ciki."

Can ya ce, "Yi haƙuri, Mama. Hanya ɗaya ce, a fara daga farko. Awa sha tara, da yatsuna ma ke nan. Akwai wani gungumemen alade a bakin kogo, sau ashirin ya kashe ni."

"Sai ka zo ka yi."

"Kin san in na fito, takardun zamana a nan sun mutu."

Ta sani. Ta kuma san a benensu hawa biyar babu sauran wanda bai kai hamsin ba, samarin duk yaƙi ya watsa su, wasu ƙasashen waje, wasu maƙabarta.

Ta fara daga farko. Wuta awa biyu ce a yini, in an yi sa'a. Ta yi kwana huɗu kafin ta iya fitar da saurayin daga gonar ubansa ba tare da ya manne da katanga ba. Ta kashe ɓeraye goma, ta kai wa wata mata albasa, ta iso bakin kogo. Aladen ya fito, ya tunkuɗe ta, allo ya yi ja. Ana so mutum ya kauce da yatsa ɗaya ya sara da wani a lokaci guda, nata kuwa kafin babban ya lanƙwasa an gama da ita. Ta shafa man zaitun mai ɗumi, ta ɗaure gaɓoɓin da tsumma, ta sake. Mako uku tana wannan, ba ta taɓa rage wa dabbar ko rabin ƙarfinta ba. Ta daina ƙirgawa bayan arba'in.

Mamduh bai ƙara komawa baranda ba. Yana zaune a gefenta da allo a cinya, na'ana'arsa tana bushewa a baranda. Sau ɗaya ya karɓi hannun wasan ya gwada, aladen ya kashe shi tun bai zare takobi ba.

Wata rana bayan azahar aka ɗauke wuta ana tsakiyar tunkuɗe ta. Ta ajiye abin a kan tebur, yatsun suna zogi, ta ji ba za ta iya riƙe abin da ke cinta ba.

"Ka san Barhum zai mutu."

Ya gyaɗa kai.

"Kai ka yi maganar mutuwar da bakinka, ka sani tun farko. Wata takwas, Abu Gassan! Layi ɗaya a allo ya gagare ka? Na jaki ka iya rubutawa!"

Ya daɗe yana kallon allon kafin ya rubuta. Ya juyo mata da shi: Ban so ki fi son sa ba.

Ta so ta zage shi, zagin ya ƙi fitowa. Tausayinsa ya kama ta, da haushinsa, da na kanta. Mutum yana kishi da muryarsa, ita kuma ta bar shi a baranda wata takwas tana hira da akwati. Ta share ido da tsumman yatsunta.

"To me ya ce a ƙarshe? Da ya jingina da bango. Ban ji ba, ihu nake."

Ya ɗauki alli, ya tsaya. Sai ya ajiye allon a ƙasa. Ya gyara zama, ya jingina da kujera, ya dafe ƙirji da hannu ɗaya kamar yadda Barhum ya yi, ya kalle ta. Ya yi maganar tun daga farko har ƙarshe, a hankali, da girarsa da kafaɗarsa da komai, irin aikin da bai taɓa samun damar yi a gaban kowa ba. Ƙyallen wuyansa yana ɗagawa yana sauka. Ta zuba wa leɓɓansa ido iya ƙarfinta, ta kasa kama ko kalma ɗaya.

Ya gama, yana jiran ta.

"Na ji," in ji Nuhad. "Ka yi kyau, wallahi. Na ji duka."