Babur ɗin da Ya San Hanya Ɗaya

Guguwa ake ce masa, amma duk wanda ya gan shi yanzu a kan babur zai rantse tsokana ce. Sunan na da ne, tun yana saurayi, lokacin da in ya murɗa totur a titin bayan gari sai dai ka hango rigarsa ta kumbura da iska. Yanzu kuwa mutum ne mai furfura a gemu da ciwon ƙugu, yana lallaɓa tsohon babur zuwa kamfanin sabulu kullum da sassafe, ya lallaɓo shi gida da yamma yana tashin turaren sabulu mai hawa kai. Lodi yake yi, kwalaye daga sito zuwa bayan tirela. Har yau ba a ɗauke shi dindindin ba. Yana cikin waɗanda ake kira in ana so, a manta da su in ba a so.

Hawan zuwa aiki ai ba hawa ba ne, wahala ce mai taya biyu. Idonka na kan bayan motar da ke gabanka, hancinka na cikin hayaƙinta, ƙafarka na kan birki. Guguwa ya san ramukan hanyar nan fiye da fuskokin maƙwabtansa. Ya san inda zai kauce, da inda zai ɗaga jiki daga kan kujera, da inda zai kutsa tsakanin bas da kwalbati. In ya zo shataletalen bayan gada, ya karya hagu. In ya hango gangaren kamfani, ya kashe inji ya bar babur ya silale da kansa don tattalin mai. In ya iso ƙofa, ya danna ham sau biyu, gaisuwarsa ke nan da tsohon da ke gadi. Ka tambaye shi ko akwai gajimare a sama yau, wallahi bai sani ba.

Matarsa ce kaɗai ta san wancan Guguwan na da. Fasinja yake ce mata, ita kuma ta ce masa Direba, har 'ya'yansu suka girma suka watse ba su daina ba. A farkon aurensu, duk ranar hutu sai ya goya ta su miƙe a shataletalen nan, su fita gari har madatsar ruwa. Ba abin da suke zuwa yi. Su zauna a kan wani faffaɗan dutse, ta tsoma ƙafa, ta yi ta kallon yadda rana ke wasa a kan ruwa har sai ya gaji ya ce su tashi. A hanya tana dukan bayansa wai ya rage gudu, in ya rage ta ce, "Au, tsoro ka ji?" Daga baya yara suka zo, aiki ya zo, taya ta suɗe, ranar hutu ta koma ranar wanke babur da ɗaure sarƙa. Ba wanda ya ce a daina zuwa, dainawa kawai aka yi.

Sai idonta ya fara tafiya. Na hagu ya mutu tun bara, na dama yana bin sa a guje. Likita bai ɓoye musu komai ba: ba aikin da za a yi, ba maganin da za a sha, abin da ya rage kaɗan ne. Da rana tsaka, in haske ya yi ƙarfi, tana ganin abu dishi-dishi. Da zarar rana ta yi sanyi, shi ke nan, sai duhu. Ta daina zura zare a allura, ta koma sanin ɗakinta da hannu: ga gado, ga kwaba, ga ƙusar da yake rataye hular kwano.

Wata yamma tana shafa masa man zafi a ƙugu, sai ta ce, "Direba."

"Na'am, Fasinja."

"Ka kai ni in ga ruwan nan mana, kafin a rufe shagon gaba ɗaya."

Da wasa ta faɗa, amma dariya ta ƙi zo masa. Ya ce, "Ranar hutu, in Allah ya yarda."

Hutun ya zo aka soke shi, wai kaya sun taru a sito. Na gaba ya zo da ruwan sama tun safe har yamma. Ba ta sake tayar da maganar ba. Amma wata safiya ya juyo ɗaukar makulli, ya gan ta a bakin taga riƙe da kofin ruwa, tana karkata shi a hankali tana neman inda haske zai faɗa ciki. Abin ya soke shi a ƙirji, ya ɗauki makullin ya fita.

Da hutu na gaskiya ya samu, Guguwa ya tashi kamar mai shirin karɓar baƙi. Ya wanke babur har cikin wayoyin taya, ya ɗaure sarƙa, ya ƙara iska, ya naɗe tsohon bargo ya ɗaura mata a kujerar baya. Ba su yi sammako ba, da gangan, don su isa rana na tsaka. Ta yafa mayafinta ruwan ɗorawa, wanda ya taɓa cewa ko daga ƙarshen titi yana gane ta da shi. Ta lalubi kafaɗarsa ta hau, ta damƙe rigarsa ta gefe biyu.

"Ka bi da ni a hankali, kayan tsufa ka ɗauko."

"Wa ya ce? Ai fasinjar nan sabuwa ce dal."

Rabon da ya ji zuciyarsa wasai a kan babur har ya manta. Baki ya buɗe, surutu ya ɓalle. Yana juyowa ta kafaɗa yana tuna mata ranar da mai ya ƙare musu a dawowa, ta tura babur ɗin a hawan tudu tana tsine wa babur da mai babur. Ta ce ƙarya yake, shi ya tura, ita dai tsinuwar ce tata. Suka yi ta musu, tana dariya har goshinta na bugun bayansa. A haka suka haye gada.

To, a nan ne fa. Ba Guguwa ne ya karya hagu ba. Kafaɗarsa ce ta karya, da gwiwarsa, da hannun nan da ya shekara da shekaru yana yin abu ɗaya a wuri ɗaya. Shi yana can kan tudun da, yana ba da labari. Ya kauce wa ramin farko, ya ɗaga jiki a na biyu, ya kutsa gefen kwalbati, bakinsa bai tsaya ba. Ita ce ta fara yin shiru, don warin sabulu ya daki hancinta. Ta ce a ranta ko wata sabuwar hanya aka yi, ita da ta daɗe ba ta fita ba. Ya hango gangare, ya kashe inji. Ya iso ƙofa, ya danna ham sau biyu.

Ƙarar ham ɗin ce ta farkar da shi.

"Innalillahi!" Ya dubi ƙofar ƙarfen, ya dubi hannunsa kamar na wani. Ya ja babur baya da ƙafa, ya buga kik. Tsohon inji in ya ɗauki zafi sai ya ga dama. Ya sake bugawa, ya sake, gumi na karyo masa. Ina! Ham ya riga ya yi aikinsa. Ƙaramar ƙofa ta buɗe, sai ga Mai Usur, mai kula da 'yan lodi, da usur ɗinsa rataye a wuya.

"Guguwa! Allah ne ya jefo ka. Mutum biyu ba su zo ba, ga tirela a tsaye tun safe. Shigo, shigo."

"Ranka ya daɗe, yau hutuna ne. Iyali zan kai wani wuri."

Mai Usur ya dubi matar. "Asibiti kuma?"

Da ya ce e, da an wuce wurin. Amma ƙarya ba ta zo masa da wuri, kuma ta yaya zai kira mata asibiti a ranar da ta yi kwalliya? Ya ce, "A'a. Ruwa za mu je gani."

"Ruwa?" Mai Usur ya tuntsire da dariya. "Ruwan guduwa zai yi? Haba, dattijo!" Sai dariyar ta ɗauke. Ya waiga wajen samarin da ke zaune a gindin katanga, waɗanda kullum suke nan suna jiran a ce wani ya gaza. "Ba dole fa. Kwanakin baya da kake ta makara saboda asibiti, na ce maka wani abu? In dai ka gaji da mu ne, ka faɗa, ga yara nan ƙugunsu lafiya lau."

Guguwa ya san abin da wannan ke nufi, kowa a ƙofar nan ya sani. Wanda ya ce a'a sau ɗaya, ba a korar sa, cewa ake ya huta a gida za a neme shi. Yana nan riƙe da kan babur, sai ya ji baya ya yi sauƙi. Ta sauka da kanta.

"Je ka, Direba. Mota ɗaya ce ai. Rana na nan."

Tsohon da ke gadi ya ba ta bencinsa a inuwa. Ta roƙe shi ya jawo mata shi cikin rana, ya yi mamaki amma ya jawo. Ta zauna ta harɗe hannu a cinya. Abin da ke gabanta katangar kamfani ce, doguwa, mai launin toka, da waya mai ƙaya a samanta.

Ranar nan Guguwa ya yi lodi kamar mahaukaci. Yana ɗaukar kwalaye a guje, samari na ihu, "Kai, yau Baba ya tuna sunansa!" Duk fitowar da zai yi daga sito sai ya saci kallon inuwar ginin, tana rarrafowa tsakar fili. Aka cika tirela, bai ko share gumi ba wata ta shigo da baya. Ya je wajen Mai Usur, bai buɗe baki ba aka ce masa wannan ce ta ƙarshe, sannan aka busa usur.

A tsakiyar ta biyun ya zame ya kai mata ruwan sha. Rana na nan da ƙarfinta, har ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Ta karɓi kofin da lalube, ta ɗaga fuska.

"Hadari ne ya taso? Na ga gari ya rufe."

Ya ɗaga kai ya dubi sama, abin da ya daɗe bai yi ba. Tas take, ko ɗigon gajimare babu. Tsoro ya kama shi. Ya ce, "Ɗan kaɗan ne, zai wuce." Usur ya kira shi, ya koma.

Sai da rana ta yi ja ta sauka kan rufin sito aka sallame su. Ya same ta inda ya bar ta, inuwa ta daɗe da rufe ta. Ta ce su tafi gida. Ya ce a'a, da wata murya da ba ta san shi da ita ba, ta hau.

A shataletale ya kama hanyar madatsar ruwa, ya murɗa totur har ƙarshe. Rabon babur ɗin da irin wannan gudu tun yana sabo, yana tari yana karkarwa. Amma babu daɗi ko kaɗan. Gudun wanda ya makara ne, irin na kullum, ido a kan kwalta, haƙora a cije. Ba ta daki bayansa ba, ba ta ce ya rage ba. Ta dai kwantar da kai a tsakanin kafaɗunsa, a kan rigar da ta jiƙe da gumi da warin sabulu.

Sun isa rana ta riga ta faɗi. Ruwan na kwance shiru, ko motsi ba ya yi, da sauran ja-ja a kansa, kyakkyawa har abin ya ba shi haushi. Dutsensu na nan. Ya sauke ta, ya juya yana neman wuri mai tauri da zai kafe babur. Kafin ya gama ta yi 'yan taku ita kaɗai ta tsaya, ta gyara mayafi.

"Kai, Direba! Yana nan yadda muka bar shi. Dubi yadda yake ƙyalli!"

Ya ɗago. Ta ba ruwan baya. Abin da take fuskanta tudun jar ƙasa ne da aka tara a gefen hanya, da busassun ciyayi a kansa. Tana murmushi, irin wanda take yi masa in ya kawo cefanen da bai kai ba.

Hawaye suka zubo masa, ya bar su, tunda ba mai gani. Ya tako ya tsaya kusa da ita, shi ma ya ba ruwan baya, suka fuskanci tudun tare.

"Ƙwarai kuwa," ya ce. "Yana nan."

Suka ɗan jima a haka. Sannan ta lalubo hannun rigarsa ta ja.

"To, na gani, ya isa. Mu koma, gobe kana da sammako."

Ya juya kan babur ya fuskanci gari, ya buga kik. Bugu ɗaya ya tashi.