Koriyar Takarda a Kwat ɗin Merv

Ranar Talata ce, ranar ragi, kuma a wannan makon duk kaya mai koriyar takardar farashi ne ke komawa rabin kuɗi a kantin gwanjon gidan jinyar masu ciwon ajali da ke Horsham. Brodie ya shigo yana karkaɗe ruwan sama daga hularsa. Kwat yake nema, don jibi Alhamis zai je intabiyu a wurin masu sayar da taraktoci, shi kuwa wata bakwai ke nan rabonsa da aiki.

Ya same ta can ƙuryar layin maza, ruwan toka, ta zauna masa kamar don shi aka ɗinka. Sai dai takardarta rawaya ce, dala arba'in, ba ragi. A layin mata kuwa ga wani shuɗin siket mai koriyar takarda, dala goma sha biyu. Ya waiga. Tsohuwar da ke teburin biyan kuɗi, Noelene, tana fama da naɗe kofuna a jarida. Ya ɓalle allurai biyun da ke riƙe da takardun, ya musanya takardun.

"Kai ba ɗan Raelene ba ne?" in ji Noelene da ya ajiye kwat ɗin. "Ka yi tsawo kamar falwaya. Har yanzu ba ka iya zama wuri ɗaya?"

"Ina ƙoƙari, Mama."

Ta shafa kafaɗar kwat ɗin. "Ta maigidana ce, Merv. A watan Mayu ya rasu, can gidan jinyar. Ni na goge ta da hannuna." Ta juya takardar, ta ɗaga gilashinta.

Kafin ta ce wani abu, wata mata mai rigar ma'aikatan wanki ta iso da shuɗin siket a hannu, fuskarta a ɗaure.

"Noelene, wannan wane irin abu ne? Mako biyu ina jiran ranar kore saboda siket ɗin nan, biki gare ni ranar Asabar. Yau na zo ya zama arba'in? Zinare kuka liƙa masa?"

"Bari in gani, Tash."

Noelene ta jera takardun biyu a kan teburin. Duk mai aikin sa kai a kantin nan da hannunsa yake rubuta abin da ya maƙala wa takarda. Koriyar da ke jikin kwat ɗin an rubuta mata: siket, mata, lamba goma sha huɗu. Brodie bai ko karanta ba, launin kawai ya duba.

"Shekara hamsin da ɗaya ina tare da Merv," in ji Noelene a hankali, "ban taɓa ganinsa cikin siket ba."

Tash ta yi dariya, sannan ta dubi Brodie, dariyar ta tsaya. Zai iya cewa haka ya gan ta, kuma ya san tsohuwar ba za ta musa ba. Za ta ce idonta ne ya tsufa, ta ba Tash haƙuri a kan laifin da ba nata ba.

"Ni ne," ya ce. "Ni na canja."

Noelene ta tura masa alluran. A gabansu ya mayar da kowace takarda inda take, har ya soke yatsa. Tash ta biya, ta fita ba ta sake kallonsa ba.

"Ta mece ce kwat ɗin?" in ji Noelene.

"Intabiyu. Jibi."

"Ragin rawaya sai mako mai zuwa." Ta rataye kwat ɗin a ƙusan da ke bayanta, inda ba a sayarwa. "Ka zo jibi ƙarfe takwas ka sa, ka dawo mini da ita kafin mu rufe. Kuma da ka tambaya tun farko, ɗana, amsar ke nan."

Ran Alhamis ya iso tun takwas saura. Sau biyu yana wuce ƙofar kantin kafin ya iya tura ta.