Kwalbar da Bukari Ya Kawo

Mai na tafasa a kasko, Memounatou na juya ƙosai a ƙofar gida, sai ga mijinta Bukari ya tsuguna gefenta kamar mai neman gafara. Ya zaro wata 'yar kwalbar roba daga aljihu, ya ajiye kusa da ƙafarta.

"Memouna, taimakona za ki yi. Yau akwai kontrol a Dapaong."

Ba ta buƙaci bayani ba, duk unguwar Komah an san zancen. Tun da wata tankar mai ta kife kusa da garin Mango, kamfanin da Bukari ke tuƙa wa babbar mota ya kafa doka: a gwada numfashin direba saboda giya, a gwada fitsarinsa saboda ƙwaya. Wanda aka kama, nan take zai ajiye makulli. Giya kam Bukari bai taɓa kai ta baki ba. Amma tiramol? Shekara shida yana kora shi da kofi, wai don kada barci ya sace shi a hanya.

"Kwana biyu ban sha ba, wallahi," ya ce ƙasa-ƙasa. "Amma an ce bai gama barin jiki ba. Direbobi duk na matansu suke kaiwa. A ɗaure kwalbar a cinya ta yi ɗumi, a shiga bayi, a juye. Ke da ko goro ba kya ci."

Ƙosai ya fara ƙonewa, ba ta ma lura ba.

Ai kuwa ba ta cin goro. Sai dai bara, ranar da ciwon baya ya hana ta ko sunkuyawa ta surfa wake, ta tsinci ƙwaya ɗaya a aljihun wandonsa wajen wanki. Ta haɗiye. Ran nan ta yi aikin mata uku, har da waƙa. Yanzu wajen wata mai tallan magani a tire take saye, tana ɓoyewa a gwangwanin magi. Biyu kowace safiya, kuma na yau ma sun riga sun wuce.

Idan ta yi shiru ta cika kwalbar, da hannunta ta kore shi daga aiki. Idan ta yi magana, shi ke nan, asirin matar da yake bugun ƙirji da ita a tasha ya tonu. Kunya ta kama ta har cikin ƙashi.

"Baban Anisa, nawa ba zai yi ba."

Fuskarsa ta washe. "Kai! Ko ciki ne?"

"Ina sha."

"Kina shan me?"

"Abin da kake sha."

Ya miƙe zumbur. "Ke? Matar aure? Inna lillahi!"

"A aljihunka na fara samunsa."

Yo kura ce za ta ce wa kare maye? Ya koma ya tsuguna, suka zuba wa kwalbar ido.

Daidai nan 'yarsu Anisa, mai shekara bakwai, ta fito da kakin makaranta tana neman takalminta ɗaya. Bukari ya dubi yarinyar, ya dubi matarsa, ya sunkuyar da kai. Ya bar mata faɗin.

"Anisa, zo," in ji Memounatou. "Ungo, shiga bayi ki yi a ciki. Likita ne zai duba lafiyarki."

Yarinyar ta karɓa da murna, ta ruga.

* * *

Bayan la'asar waya ta yi ƙara.

"An wuce! Negatif, ba su ga komai ba!" Bukari ne daga Dapaong. "Har likitan ya ce a yi koyi da ni!"

Yana ta dariya, magana na tuntuɓe da magana. Ta san wannan saurin bakin, don ita ma haka nata yake yi. Ashe ko fita daga garin bai yi ba ya koma wajen mai kofi, ya kora ƙwaya. Yanzu zai hau mota cike da kaya ya gangaro, ta Mango, ta duk ƙauyukan da yara ke tsallaka titi da tiren talla.

"Allah ya tsare hanya," ta ce.

Tun safe ta yi wa Allah alkawarin ta daina. Yanzu ga bayan ya tashi, gumi na keto mata, ƙafafu na tsami. Ta kwanta rub da ciki a tabarma, ta cije leɓe don kada a ji nishinta.

Ƙananan ƙafafu suka tsaya kusa da kanta.

"Mma, likita ya ce lafiyata lau?"

"Lau, uwata. Duk gidan nan kin fi kowa."

Anisa ta tsuguna, ta ajiye kofin ruwa. Gwangwanin magin nan ne a hammatarta, wanda Memounatou ke turawa can bayan buhun wake don kada kowa ya gani. Ta buɗe ɗan tafin hannunta a hankali, kada su faɗi.

"Ga maganinki. Biyu kike sha, ko? Na ɓare miki."