Inda Ƙafar Mutum Ba Ta Taɓa Takawa Ba

Shekara arba'in Mafuru yana kamun kifi a lungu ɗaya na Tafkin Victoria, kuma kullum kifin farko ba nasa ba ne. Yakan jefa shi kan wani falalen dutse domin karnukan ruwa, kamar yadda ubansa ya yi. Shi ya sa da sun ji ƙarar kwale-kwalensa sai su leƙo da kawunansu.

Da masu fim ɗin namun daji suka zo, sun yi sati biyu suna yawo da jirgin inji, ko jelar karen ruwa ba su gani ba. Aka ce su nemi Mafuru. Safiya ɗaya ya fito musu da bakwai.

Helga, shugabarsu, har ƙwalla ta yi. Sannan ta fara roƙo, cikin ladabi kuwa. A kwashe ragar da ke shanya. Matarsa Nyangeta ta janye kifin da take busarwa a gaɓa, kada a hura wuta, hayaƙi yana ɓata hoto. Shi kuma in ya jefa kifin, ya kwanta a cikin kwale-kwalen. Nyangeta ta ce ba ta taɓa ganin baƙon da ke ɓoye mai gida ba. Mafuru ya yi dariya, ya ce baƙo ai raɓa ne. Wata guda ya yi yana kwanciya cikin ruwan ƙarni.

Bayan shekara wani jami'in gandun daji ya sauka da allo da guduma. An mayar da lungun wurin kariya, an hana kamun kifi.

Mafuru ya ce nan aka binne cibiyarsa, nan yake ci da iyalinsa. Jami'in ya ciro waya, ya nuna masa fim ɗin, yana fassara abin da wata murya mai daɗi take faɗa: wuri ne da ƙafar mutum ba ta taɓa takawa ba.

Ga dutsen, ga karnukan ruwan suna cin kifinsa. 

"Duba da kyau, Baba," in ji jami'in. "Ka ga mutum a nan?"

"Ina ciki, yallaɓai. Kwance nake a ƙarƙashin kyamarar."

Jami'in ya mayar da wayar aljihu, ya roƙe shi ya riƙe masa allon ya buga ƙusa.